Darasi na Tara: Hali da Ilimi, Tsare Doka a Harabar Jami'a

1.0 Gabatarwa

A ranar bikin yaye ɗalibai a jami'o'in Nijeriya, kafin a ba kowa digiri, akan gabatar da ɗaliban kowace tsangaya ga Uban Jami'a tare da shaidar cewa an same su sun cancanta ta fuskar hali da ta fuskar ilimi. Hali ake fara ambata, sannan ilimi ya biyo baya. Ma'anar wannan ita ce, ɗalibi yana iya cin dukkan jarrabawarsa, amma jami'a ta kore shi saura makonni kaɗan ya gama, muddin ta gamsu cewa ya aikata babban laifi. Wannan iko ne mai girma, domin kora takan rushe wahalar shekara huɗu ko biyar, ta kuma tafi da dukiyar da iyaye suka kashe.

Wannan darasi zai duba yadda jami'o'in Nijeriya suke amfani da wannan iko. Za a fara da tushen ladabi a wurin Bahaushe, a zo ga masu riƙe da ragamar jami'a da laifukan da suka fi damunsu, sannan a waiwayi wasu rikice-rikice da wata shari'a da ta kai har Kotun Ƙoli. Abin da waɗannan misalai za su nuna shi ne, doka takan zauna da gindinta a jami'a idan ta hau kan kowa, babba da yaro, kuma aka saurari wanda ake tuhuma kafin a yanke masa hukunci.

2.0 Tushen Ladabi a Wurin Bahaushe

Tun kafin zuwan boko, ƙasar Hausa tana da makarantunta: makarantar allo, da tsangaya, da makarantar zaure inda manya suke ɗaukar karatun littattafai. Idan uba ya kai ɗansa wurin malami, yakan danƙa shi a matsayin amana, daga nan malamin ya zama uba. Almajiri ba ya kiran sunan malaminsa. Yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam." A tsangaya kuma akwai matakai, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, kowane na sama yana tsawata wa na ƙasa da shi. Babu wata rubutacciyar doka a irin wannan makaranta. Kunya da tsoron fushin malami su ne suke riƙe da kowa, shi ya sa ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani masani ɗan Ingila, Anthony Kirk-Greene, ya yi nazari a kan abin da Hausawa suke nufi da mutumin kirki, aka buga nazarin a 1974. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya dubi jerin zai ga cewa wasu halayen, kamar ladabi da kunya, an fi nemansu a wurin na ƙasa. Wasu kuwa, kamar adalci da kiyaye mutuncin mutane, an fi nemansu a wurin mai iko. Wato a tunanin Bahaushe, zaman lafiya kaya ne da mutum biyu suke ɗauka, kowa da gefen da ya kama.

Sai dai jami'a ta sha bamban da zauren malam. Ɗalibanta baligai ne, wasu ma da aurensu da 'ya'yansu. Sun fito daga ƙabilu da addinai daban-daban. Malami yakan shiga aji ya tarar da mutum ɗari uku ko fiye, bai san sunan ko kashi ɗaya cikin goma ba, balle ya san iyayensu. Kunya kuwa ta fi aiki a inda aka san gidan da mutum ya fito. Saboda haka dole jami'a ta rubuta dokokinta, ta kuma bayyana wanda zai zartar da su.

3.0 Masu Riƙe da Ragamar Jami'a

Jami'ar farko a Nijeriya ita ce ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara aiki a 1962, na Sakkwato da Maiduguri suka biyo baya a 1975, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Kowace daga cikinsu tana da dokar da ta kafa ta, kuma tsarin shugabancinsu kusan iri ɗaya ne.

A can sama akwai Uban Jami'a, wanda galibi babban sarki ne, aikinsa kuma ya fi fitowa a ranar biki. Sai Hukumar Gudanarwa, mai kula da dukiya da ɗaukar ma'aikata da ladabtar da su. Sai Majalisar Malamai, wadda ta ƙunshi farfesoshi da shugabannin tsangayoyi da na sassa, ita ce mai iko da karatu da jarrabawa da bayar da digiri. Shugaban Jami'a shi ne mai tafiyar da al'amuran yau da kullum, kuma shi doka ta ba ikon ladabtar da ɗalibi. Ɗalibin da bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Hukumar Gudanarwa.

A aikace, Shugaban Jami'a ba ya yin wannan aiki shi kaɗai. Akwai Shugaban Sashen Harkokin Ɗalibai, da masu kula da ɗakunan kwana, da jami'an tsaron jami'a, da kwamitin ladabtarwa wanda yake zama ya saurari ƙararraki. Ta ɓangaren ɗalibai akwai ƙungiyarsu mai zaɓaɓɓun shugabanni, da ƙungiyoyin addini, irin su Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya da aka kafa a Legas a 1954, da takwarorinta na Kirista. Waɗannan sukan kashe wuta da yawa tun kafin hayaƙinta ya isa ofishin hukuma.

Kowane sabon ɗalibi yakan yi rantsuwar biyayya ga dokokin jami'a a ranar da aka rantsar da sababbin shiga, ya sa hannu, a kuma ba shi littafin jagora. A cikin littafin ake jera laifuka da hukuncinsu. Hukunci hawa-hawa ne: gargaɗi a rubuce, biyan kuɗin abin da aka lalata, fitarwa daga ɗakin kwana, dakatarwa na zango ɗaya ko biyu, sannan kora.

4.0 Laifukan da Suka Fi Damun Jami'a

4.1 Satar jarrabawa

Satar jarrabawa tana da fuskoki da yawa: shiga da takarda a ɓoye, leƙen amsar wani, aika wani ya rubuta a madadin mai suna, sayen tambayoyi kafin ranar jarrabawa, da shiga da wayar hannu. A 1984 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 20, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka kama. Tsananin hukuncin ya sa makarantu da yawa suka ji nauyin miƙa yaransu ga kotu, sai dokar ta kusa zama ado. A 1999 aka kafa wata mai lamba 33, wadda ta rage hukuncin zuwa tara ko ɗaurin 'yan shekaru, ta kuma haɗa da malamai da masu sa ido da suka taimaka wa ɓarawo. Darasin da ke nan shi ne, hukuncin da ake iya zartarwa ya fi wanda ake jin tsoron ambatonsa amfani.

4.2 Ƙungiyoyin asiri

A 1952 wasu ɗalibai bakwai a Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka wanda ya sami kyautar Nobel a 1986, suka kafa wata ƙungiya ta 'yan'uwantaka domin yaƙi da ƙabilanci da kwaikwayon Turawa. Ba ta zubar da jini aka kafa ta ba. Amma daga baya wasu ƙungiyoyin suka ɓalle, wasu kuma suka tsiro a jami'o'i daban-daban, suna rantsar da mambobi a daji da dare, suna gaba da juna. Kafin shekarun 1990 su ƙare, an koma amfani da adduna da bindigogi.

Abin ya kai maƙura a daren 10 ga Yuli, 1999, lokacin da 'yan wata ƙungiyar asiri suka afka wa wani ɗakin kwanan maza a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, suka kashe ɗalibai biyar, cikinsu har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade, wanda ya yi fice wajen adawa da su. Bayan wannan ta'asa, jami'o'i da yawa sun shirya tarukan tuba a bainar jama'a, jihohi da dama kuma suka kafa dokokin haramta irin waɗannan ƙungiyoyi. Matsalar ta fi ƙarfi a jami'o'in Kudu, amma babu jami'ar da ba ta sa shiga ƙungiyar asiri cikin laifukan da ke jawo kora ba. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar ɗalibai ta halal ita ce ta tsaya a gaban 'yan asiri a Ile-Ife. Duk inda aka rushe ƙungiyar da ke aiki da rana, an share fili ga mai aiki da dare.

4.3 Sutura da cuɗanya

Jami'o'i da dama, a Kudu da Arewa, sun kafa dokar sutura, wadda ta hana tufafin da ke bayyana tsiraici ga maza da mata. Masu gadi a bakin ƙofa sukan mayar da wanda ya saɓa, malami kuma yana iya fitar da shi daga aji. Haka nan an hana maza shiga ɗakunan kwanan mata, sai dai su tsaya a wurin da aka keɓe wa baƙi. Masu goyon bayan dokar suna cewa jami'a gidan tarbiyya ce, kuma tana zaune a cikin al'umma mai ɗabi'unta. Masu suka kuwa suna cewa an fi matsa wa mata, kuma wasu masu gadi sukan mai da dokar hanyar wulaƙanta mutane. Duka ɓangarorin biyu sun yarda da abu ɗaya: a rubuta abin da aka hana dalla-dalla, domin kada kowane mai gadi ya zama mai kafa dokar kansa.

4.4 Laifin malamai

Hausawa suna cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba ɗalibai kaɗai ke keta doka ba. Akwai malamin da ke tilasta wa ɗalibai sayen takardun da ya buga, da mai ɓatar da sakamakon jarrabawa, da mai neman ɗalibarsa da lalata kafin ya ba ta maki. Shekaru da yawa irin wannan ƙara ba ta zuwa ko'ina, saboda ɗalibar tana tsoron a kayar da ita, tana kuma jin kunyar abin da za a ce. A 2018 wata kotun tarayya a Oshogbo ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu, bayan da muryarsa ta bazu yana neman ɗalibarsa, jami'ar kuma ta riga ta kore shi. A 2019 wani binciken BBC ya fallasa irin wannan hali a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, aka dakatar da malaman da abin ya shafa. Ɗalibin da ya ga an kori abokinsa saboda guntuwar takarda, aka kuma bar malamin da ya yi abin da ya fi wannan muni, da wuya ya ƙara ganin girman doka. Idan mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, wa zai tsaya a farke?

5.0 Lokacin da Aka Sa Ƙarfi

Babban gwajin hukumar jami'a shi ne ranar da ɗalibai suka fito zanga-zanga. A ranar 1 ga Fabrairu, 1971, ɗaliban Jami'ar Ibadan suka yi bore a kan yadda ake tafiyar da ɗakin cin abinci. Aka kira 'yan sanda, suka yi harbi, wani ɗalibi mai suna Kunle Adepeju ya rasu. Shi ake ambata a matsayin ɗalibi na farko da harsashin 'yan sanda ya kashe a harabar jami'a a Nijeriya.

A watan Afrilu na 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙara kuɗin abincin ɗalibi na yini. Wannan ƙarin ya tayar da ƙura a duk faɗin ƙasa. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta nemi Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. Aka kashe ɗalibi a Legas, aka kashe wasu a Zariya bayan an tura sojoji Samaru. Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta haramta ƙungiyar, aka sallami wasu malamai, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya kuma suka bar kujerunsu. Ba a jima ba ɗalibai suka kafa sabuwar ƙungiya ta ƙasa a 1980.

Bayan shekara takwas, a 1986, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano domin tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Jerin gwanon ya ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina, inda doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a, a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabannin ɗalibai da kora da dakatarwa. Ɗalibai suka ce ba su yarda ba, zanga-zanga ta ɓarke. A ranar 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar suka buɗe wuta. Hukuma ta amsa mutuwar mutum huɗu, ɗalibai kuwa suka ce adadin ya fi haka. Bore ya bazu zuwa wasu jami'o'i, aka rufe da yawa daga cikinsu. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, Shugaban Jami'ar kuma ya bar muƙaminsa a wannan shekara.

Maƙwabciyar ƙasa Nijar ma ta ga irin wannan rana. A 9 ga Fabrairu, 1990, jami'an tsaro suka harbi ɗaliban da ke maci a gadar Kennedy a Yamai, uku suka mutu. Fushin da ya biyo baya yana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991.

Rikicin Zariya na 1986 ya isa abin nazari. Laifin farko ƙarami ne, irin wanda kwamitin ladabtarwa zai iya gamawa da shi a zama ɗaya. Amma kowane mataki da aka ɗauka sai ya fi na baya nauyi, har aka kai inda ba a iya komawa. Wannan ba ya nufin ɗalibai ba su da laifi, domin masu zanga-zanga sun sha ƙona motoci da gine-gine, su tsare ma'aikata, su hana 'yan'uwansu shiga aji. Sai dai ginin da aka ƙona ana sake gina shi, jami'ar da aka rufe ana buɗe ta, rai kuwa ba ya dawowa. Kuma a duk misalan nan, harbi bai kawo ƙarshen bore ba, ƙara masa faɗi ya yi.

6.0 Shari'ar Maiduguri

A ranar 2 ga Fabrairu, 1983, tarzoma ta tashi a Jami'ar Maiduguri. An ƙona dukiya, an wawashe kaya, an ci zarafin mutane. Hukumar jami'a ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Jami'a, wanda shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Bayan rahoton kwamitin aka kori ɗalibai da dama. Wasu daga cikinsu, Yesufu Amuda Garba da 'yan'uwansa, suka kai ƙara kotu, shahararren lauya Gani Fawehinmi ya tsaya musu. Babbar Kotu ta ba su gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, magana ta kai Kotun Ƙoli.

A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke cewa korar ba ta halatta ba. Dalili na farko, wanda aka yi wa ɓarna ba zai zama alƙali a kan wanda yake zargi ba. Na biyu, ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar sanin shaidar da aka bayar a kansu da ƙalubalantar masu shaidar ba. Na uku, abubuwan da aka tuhume su da su, kamar ƙone-ƙone da sata, manyan laifuka ne a dokar ƙasa, kotu ce kaɗai ke da hurumin tabbatar da cewa mutum ya aikata su. Kotun ta dogara da sashe na 33 na tsarin mulkin 1979, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci. Wannan haƙƙi yana nan a sashe na 36 na tsarin mulkin 1999.

Shugabannin jami'o'i da yawa sun koka cewa hukuncin ya ɗaure musu hannu, domin shari'a a kotu takan ɗauki shekaru, mai laifi kuma yana yawo a harabar. Koken nasu yana da tushe. A 2004, a shari'ar wani ɗalibin Jami'ar Kalaba, Kotun Ƙoli ta amince cewa jami'a tana da ikon dakatar da ɗalibi na ɗan lokaci yayin da ake bincike, domin kare sauran jama'a. Da waɗannan hukunce-hukunce biyu aka gane iyakar kowa. Kwamitin da ke son hukuncinsa ya tsaya sai ya rubuta wa ɗalibi tuhumar da ake yi masa, ya ba shi lokacin shiri, ya nuna masa shaida, ya bar shi ya yi tambaya ya kuma kawo nasa shaidun, ya cire duk mamban da ke da hannu a rigimar, sannan ya sanar da shi hukunci a rubuce tare da hanyar ɗaukaka ƙara.

7.0 Baƙon Ɗalibi a Harabar Jami'a

Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa domin karatu a Kano ko Zariya ko Sakkwato, dokar da ta hau kan 'yan ƙasa ita ce ta hau kansa. Ana so ya riƙa yawo da katin shaidarsa, ya karanta littafin jagora tun makon farko, ya kuma kiyaye zuwa aji, domin jami'o'i da yawa ba sa barin wanda bai halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa ba ya zauna jarrabawa. Akwai kuma dokokin da ba a rubuta ba. Ba a shiga ofishin malami sai an yi sallama an jira izini. Ba a fara faɗin buƙata sai an gaisa. Akan kira malami da "Malam" ko "Malama" ko "Dakta" ko "Farfesa", a kuma ce wa babba "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe". Ba a miƙa takarda da hannun hagu. Namiji ba ya fara miƙa wa mace hannu domin gaisuwa. Wanda ya kiyaye waɗannan zai ga ƙofofi suna buɗe masa, ko da Hausarsa ba ta gama nuna ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda Bahaushe ya ɗora ladabi a kan na ƙasa, ya ɗora adalci a kan mai iko, da yadda jami'a ta mai da wannan rubutacciyar doka. An ga cewa ɗaurin shekara 21 bai hana satar jarrabawa ba, harsashi bai hana zanga-zanga ba, korar da aka yi ba tare da sauraro ba kuma kotu ta rushe ta. Yawancin rikice-rikicen da aka ambata sun faro ne daga ƙananan abubuwa, kamar abinci da ɗakin kwana. Har yanzu cunkoso a ɗakuna, da ƙarancin ruwa da wuta, da dogon yajin aikin malamai irin na wata takwas da aka yi a 2022, suna cikin abubuwan da ke harzuƙa ɗalibai. Hukumar da ta buɗe ƙofarta ga wakilan ɗalibai tun ana maganar famfon da ya lalace, ba safai take buƙatar kiran 'yan sanda ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Ma'anar Wasu Kalmomi

haraba: filin da ke cikin katangar makaranta ko wata ma'aikata.
yaye: asalinsa cire yaro daga nono, a nan, sallamar ɗaliban da suka gama karatu.
tsangaya: makarantar Alƙur'ani ta almajirai, a jami'a kuma, rukunin sassan da ke koyar da fannoni masu dangantaka.
ragama: igiyar da ake jan doki da ita, riƙe ragama shi ne shugabanci.
zango: kashi ɗaya na shekarar karatu.
tuhuma: zargin da ake yi wa mutum a gaban hukuma.
hurumi: iyakar ikon da doka ta ba kotu ko hukuma.
bore: tawaye ko ƙin bin umarni a cikin taro.
maƙura: iyakar da abu ba ya wucewa.
ta'asa: mummunan aiki mai tayar da hankali.
sule: kwabo goma.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake fara ambaton hali kafin ilimi a bikin yaye ɗalibai?
2. A kawo bambanci uku tsakanin makarantar zaure da jami'a ta fuskar ladabtarwa.
3. Mene ne aikin Hukumar Gudanarwa, mene ne kuma na Majalisar Malamai?
4. A bayyana dalilai uku da Kotun Ƙoli ta bayar a shari'ar Maiduguri.
5. A fayyace ma'anar waɗannan karin magana, a kuma sa kowane a cikin jimla: (a) Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. (b) Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. (c) Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
6. A nemo jimloli biyar a sashe na 5.0 da aka yi amfani da "aka" a cikinsu, a sake rubuta su da ambaton wanda ya yi aikin.

Aikin Gida

A rubuta wasiƙa mai kalmomi 250 daga ɗalibin da aka dakatar zango ɗaya zuwa ga Hukumar Gudanarwa, yana ɗaukaka ƙara. A kula da gaisuwa da kalmomin girmamawa da suka dace.